Maniyyin alade ba ya son sanyi: yadda ake adana shi da daskarar da shi

Da shanu na koyi aikin barbarar zamani, wato ɗura wa mace maniyyin namiji da hannu, kuma a can an saba da tulun naitirojin da tsinkayen maniyyi daskararru, wato siraran bututun roba da ake cika maniyyi a ciki. Shi ya sa da wani mai kiwon aladu daga wajen Kafanchan ya zo min da kula a bayan babur, ban ga wani abin damuwa ba sai da ya buɗe. Kwalbar maniyyin na kwance tsakiyar ƙanƙara kamar lemon sayarwa. Ya ce, "Oga, tun safe na sa shi a sanyi don kada ya lalace." Na ɗiga digo ɗaya a gilashi, na leƙa a madubin awo. Tsit, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsi. Kuɗin mota da kuɗin namijin da ya biya duk sun bi ruwa, kuma da kyakkyawar niyya ya kashe su.

Abin da ya kamata mai wannan aiki ya fara riƙewa shi ne, ƙwayoyin maniyyin alade ba sa jure sanyi yadda na bijimi ke jurewa. Fatar da ta lulluɓe kowace ƙwaya ba ta da kitsen kolestarol da yawa, don haka da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15 farat ɗaya, sai fatar ta tsage. Firjin gida yana kusan digiri 4 ne, ka ga kabari ke nan. Ko sanyin asubar hunturu a Jos ya isa ya yi ɓarna idan aka bar kwalba a fili.

Daga wajen tatsa aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Ana koya wa namijin hawa wani benci da aka yi da siffar mace, mai tatsa kuma ya riƙe da hannu, da matsi mai ƙarfi, kada ya saki har sai dabbar ta gama, wanda kan ɗauki minti 5 zuwa 10, wani lokacin fiye. Safar hannu ta leda ake sawa marar hoda, domin ta danƙo irin ta asibiti tana iya kashe ƙwayoyin. Ruwan farko mai garai-garai a bar shi ya zube ƙasa, datti ne ya fi yawa a ciki. Na biyun, fari kamar madara, shi ne dukiyar. A tara shi cikin filas da aka ɗumama zuwa digiri 37, da ƙyallen tacewa a baki don ya tare kaurin nan mai kama da dafaffen sitaci. Bijimi yana ba da abin da bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, amma alade yakan cika kofi, mililita 150 zuwa 300. Sabulu, ruwan famfo da hasken rana duk abokan gaba ne.

Yawancin masu kiwo ba daskarewa suke bukata ba, kuma gara in faɗa tun yanzu. A duniya baki ɗaya, abin da ake amfani da shi daskararre a barbarar aladu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sauran duka ruwa-ruwa ake ajiye shi. Ana sirka shi da ruwan sirki, wanda aka fi sani shi ne BTS, da Pursel da Johnson suka haɗa a Beltsville ta Amurka a 1975. Garin hoda ne, da tataccen ruwan ɗakin gwaji ake dama shi. Zafin ruwan sirkin ya zama daidai da na maniyyin, bambancin kada ya wuce digiri ɗaya, kuma ruwan ake zubawa a kan maniyyi a hankali ta gefen kwalba, ba akasin haka ba. Sai a raba kwalba-kwalba, kowacce mililita 80 zuwa 100 mai ɗauke da ƙwayoyi biliyan 2 zuwa 3, a bar su su huce da kansu, a ajiye a digiri 17. A riƙa juya kwalaben a hankali safe da yamma don kada ƙwayoyin su kwanta a gindi. Da BTS za su kai kwana 3, wasu ruwayen sirkin kuma har mako guda. Wahalarmu a nan ita ce riƙe digiri 17 ɗin a watan Afrilu ga ɗauke wuta. Ni ƙaramin akwatin sanyi mai saiti nake amfani da shi, haɗe da batirin sola, da ma'aunin zafi a ciki wanda nake dubawa fiye da yadda nake duba waya.

To yaushe daskarewa ke da amfani? Idan kana da namiji mai kyan iri da kake so jininsa ya ɗore bayan mutuwarsa, ko za a kawo iri daga wata ƙasa, ko kana tsoron annoba. Duk wanda ya san abin da zazzaɓin aladu na Afirka ya yi tun ɓarkewarsa a Najeriya a 1997 ya san garke guda kan ƙare cikin kwanaki. Sai dai a gwada lafiyar namijin kafin a tatsa, domin naitirojin yana adana ƙwayar cuta kamar yadda yake adana maniyyi.

Wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba na bayan gida ba. Bayan sirkin farko, kashi ɗaya na maniyyi da kashi ɗaya na BTS, ana barin sa ya sauko digiri 15 zuwa 17 ya zauna awoyi, wasu ma kwana suke bari ya yi. Kada a raina wannan zaman, a cikinsa ne ƙwayoyin ke samun juriyar sanyi, kuma masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Daga nan sai injin wulwulawa, a ƙarfin juyi 800 g (ba giram ba, ninkin ƙarfin jan ƙasa) na minti 10, ƙwayoyin su taru a gindi a tsiyaye ruwan sama. Abin da ya rage a dama shi da haɗin sukarin madara, wato laktos, da gwaiduwar ƙwai, kashi 80 da kashi 20. Ƙwan ya zama na ranar, a raba gwaiduwar tsaf ba tare da farin ba. Sai a sauko da shi digiri 5 cikin kamar awa biyu.

A digiri 5 ne ake ƙara haɗi na biyu mai gilisarin da ɗan sinadarin Equex, wanda ke taimaka wa gwaiduwa ta kare fatar ƙwayoyin. Gilisarin shi ne sirrin da Christopher Polge da abokan aikinsa suka gano a Ingila a 1949, yana hana ƙanƙara huda ƙwaya. A nan ne hannun da ya saba da shanu ke yin kuskure, ni ma na yi. Maniyyin bijimi yana ɗaukar gilisarin wajen kashi 7 cikin ɗari, na alade kuwa kashi 3 ne iyaka, in ya wuce haka za ka ga ƙwayoyi suna iyo lafiya lau amma kawunansu sun lalace, ba za su shiga ƙwan mace ba. A cika tsinkaye masu rabin mililita, biliyan ɗaya a kowace mililita, a toshe baki. Komai a cikin sanyi ake yi, har tsinkayen, kuma kada hannun mai aiki ya ɗumama su. Rubutun sunan namiji da kwanan wata tun kafin cikawa ake yin sa. A jera su kwance a kan raga, santimita 3 zuwa 5 sama da ruwan naitirojin, tururin ya daskarar da su minti 15 zuwa 20, sannan a tsoma su ciki, digiri 196 ƙasa da sifili.

Washegari a narkar da tsinke ɗaya a duba. Akwai namijin da maniyyinsa ke fitowa da rai sosai, akwai wanda ko me ka yi ba zai daskaru ba, alhali a barbarar yau da kullum ba shi da aibi. Wanda ya faɗi gwaji sau biyu ko uku ba na sake ɓata masa naitirojin.

Tulun kuwa kamar jariri yake. A auna ruwansa kowane mako da siririn sanda, inda ya yi fari nan ne matakin. Murfinsa ba a ɗaure shi tam, domin naitirojin yana kumbura kusan sau 700 in ya koma iska. Kada a sa shi cikin mota a rufe gilasai, yana korar iskar shaƙa ba wari ba alama. Wajen ɗauko tsinke, kada a ɗago gwangwanin da tsinkayen ke ciki sama da wuyan tulu, a yi amfani da hantsaki, a sa tabarau, don tsinken da ya tsage yakan fashe.

Narkarwa da sauri ake yi: ruwa mai digiri 37, daƙiƙa 20 zuwa 30. A goge tsinken ya bushe kafin a yanke baki, a juye cikin BTS mai ɗumi, a yi amfani da shi nan take. Saniya tsinke ɗaya ya ishe ta, macen alade kuwa sai an haɗa wajen guda goma.

Saura lokaci, kuma shi ne ya fi komai wuya. Mace takan nemi namiji kwana 4 zuwa 7 bayan yaye. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ka danna bayanta da hannu biyu, namiji na gabanta, ta ƙame ta miƙe kunnuwa. Wannan hali yakan yi kwana 2 zuwa 3, ƙwai kuma yana sauka ne bayan an ci kashi biyu cikin uku na lokacin. Maniyyi sabo zai jira kwana guda a cikinta, narkakke kuwa 'yan awoyi ne ya mutu, don haka sai an ɗura shi cikin awa 4 zuwa 6 kafin saukar ƙwan. Ni ina dubawa safe da yamma, in rubuta sa'ar da ta fara tsayawa da alli a bangon ɗakinta, in ɗura sau biyu. Ko an dace, 'ya'yan sukan yi ƙasa da na sabon maniyyi, kuma ina faɗa wa mai dabba haka kafin ya biya. Bayan kwana 21 a sake kawo namiji gabanta a danna bayan. In ta tsaya, ba ta ɗauka ba. In ta yi gurnani ta gudu, sai a ƙirga kwana 114 daga ranar ɗuri, wata uku da mako uku da kwana uku, a ƙara wannan ranar a bangon.