Yadda Ake Cin Kasuwa Da Kwale-kwale In Damina Ta Yi Nisa

Daga Agusta zuwa Satumba, duk wanda ke zaune bakin kogin Haɗeja ya san hanya ta zama ruwa. Ƙauyukan Auyo, Kirikasamma, Guri, har wajen Ringim da Miga, wasu ko mashin ba ya shiga sai dai fito, ga ruwan sama ga kuma wanda ke gangarowa daga dam ɗin Tiga da na Challawa. To kasuwa kuma ba a fasa ta.

Ka yi sammako, ana idar da asuba ka kama hanyar mashigi. Da safe ruwa a kwance yake, iska ba ta tashi ba, masu fito ma da ƙarfinsu. Kuɗi da waya ka ƙulle su a leda biyu ka sa a aljihun ciki, kuma ka riƙe canji, don mai jirgi ba shi da lokacin neman canjin dubu a tsakiyar ruwa.

Sai maganar lodi, nan ne wallahi mutane ke wasa da rai. Kafin ka sa ƙafa ka tsaya ka dubi bakin jirgin, in tsakaninsa da ruwa bai kai tafin hannu ba kar ka shiga, ko da kuwa matuƙin na cewa "Shigo Malam, saura mutum ɗaya", wannan mutum ɗayan ba ya ƙarewa. Mutanen Bagwai ba su manta da 2021 ba, jirgin da ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari, yawancinsu yara ne 'yan Islamiyya, kuma yawan lodi aka ɗora wa laifi. Buhun shinkafa da duk wani mai nauyi ƙasa ake sa shi a tsakiya, akuya a ɗaure ƙafafunta a kwantar, yaro kuma tsakanin manya ba gefe ba. In akwai rigar ruwa mai hana nutsewa ka saka, bar masu dariya su yi ta yi.

Da an tura jirgi ka zauna daram. Kar ka miƙe gaida wani a ɗaya jirgin, kar ku karkata gefe guda don kallo. In ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, ɗauki robar nan da ke yawo a ƙafarku ka riƙa kwashewa, ba sai an roƙe ka ba. Wurin da ciyawar kacalla ta toshe hanya kuwa ka bar matuƙi da gorarsa, shi ya san inda lungun yake, shawarar fasinja ba ta da amfani a nan.

In ka isa, fara da abin da ya kawo ka. Mai sayen banda a Haɗeja ya ɗaga kifin ya shinshina, ya ɗan ɓare ta wajen kai, tarwaɗa mai kyau a bushe take ƙamas, in ka ga gari-gari na zuba ƙwari sun riga ka. Gishiri, sukari, omo da ashana su ne na ƙarshe, a nannaɗe su a leda.

Tun da safe ka tambayi mai fito ƙarfe nawa jirgin ƙarshe zai tashi, kai kuma ka riga shi, ana la'asar kana bakin ruwa. In hadari ya haɗo ko magariba ta kama ka a gari, nemi gidan ɗan uwa ko zauren mai unguwa ka kwana, ka kira gida ka ce sai da safe.