Shawara Kan Shafa Man Ɗauke Zafi a Firosesa

'Yan'uwa masu haɗa kwamfutarsu ta farko, ku fara duba ƙasan fankar sanyaya firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), domin yawancin waɗanda ke zuwa tare da firosesa na kamfanin Intel ko AMD an riga an shafa musu man, kuma ƙari a kansa ɓarna ce. Idan babu, ku cire ledar da ke manne a ƙasanta, ku ɗiga man kamar girman ƙwayar wake a tsakiyar firosesa, sannan ku ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta, matsin fankar ya baza shi. Kada ku ɗaga don dubawa, iska za ta shiga. Lokacin hunturun Kaduna, a rufe taga saboda ƙura.