Darasi na 6: Rage Gudu da Yadda Ake Lissafa Shi

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Katsina zuwa Daura ya san yadda jiki yake zamewa gaba idan direba ya hango garken shanu a titi ya taka birki. Wannan sassautawar da mota take yi ita ce ake kira rage gudu a ilimin fiziks. A lura, motar ba baya take komawa ba, gaba take tafiya, gudun ne kawai yake raguwa.

Abubuwa uku za ku rubuta a littafinku, kowanne a layinsa: gudun farko, gudun ƙarshe, da lokacin da aka ɗauka ana taka birki.

Ga misali. Mota tana cin mita 20 a sakan ɗaya, wato kilomita 72 a awa. Direba ya taka birki na sakan 4, gudunta ya dawo mita 8 a sakan. Da farko ku debe gudun ƙarshe daga na farko: 20 a debe 8, saura 12. Sannan ku raba 12 gida 4, ku samu 3. Ma'anarsa, a kowane sakan motar tana zubar da mita 3 a sakan daga gudunta. Ku ƙirga da yatsu ku gani: 20, 17, 14, 11, 8.

'Yan'uwa, a nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka mu tsaya. Da zarar mutum ya ga 20 da 4, sai ya yi sauri ya raba, ya rubuta 5, ya manta da 8 ɗin gaba ɗaya. Wannan amsar ta motar da ta tsaya cak ce, tamu kuwa ba ta tsaya ba. A debe tukuna, sannan a raba. Ku rubuta wannan jimlar a saman shafi da babban rubutu. Kada kowa ya ji kunya idan ya ɓata, ya goge ya sake a hankali, babu mai jiran sa da bulala.

Mu sake gwadawa. Babur ya taso daga Ƙofar Ƙaura yana cin mita 15 a sakan, cikin sakan 5 gudunsa ya dawo mita 5 a sakan. Me za ku fara yi? Debewa: saura 10. Yanzu ne za ku raba gida 5, amsa 2. Ko da abin hawa ya tsaya cak, ku rubuta sifili ku debe shi, domin hannu ya saba.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne a kwafi amsar maƙwabci a kawo mini ba tare da layin debewa ba. Dattijon da yake lissafin buhunan gero a kasuwa da ka, ba ya rasa debe 8 daga 20, matsalarku gaggawa ce kawai da rashin bita a gida.

Darasi na 7: Wasu littattafan suna debe gudun farko daga na ƙarshe, sai amsar ta fito -3. Alamar debewar tana nuna gudun raguwa yake yi.

Darasi na 8: Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya yakan ninka huɗu. Ku yi bitar darasi na 6 kafin mako mai zuwa.