Yadda za ka binciki titin da gwamnati za ta yi da 'yan kasuwa

In ka ji gwamna ya ce za a yi titi "ba da sisin gwamnati ba", tsaya tukuna kafin ka fara tafi. Kamfani ba sadaka ya zo yi ba, kuɗin da ya zuba sai sun dawo da riba. Tambayarka ta farko: daga aljihun wa za su fito?

Ko dai a kafa tolget masu mota su riƙa biya, ko gwamnati ta riƙa biyan kamfanin duk shekara muddin titin na nan lafiya, ko kuma a cire masa kuɗin aikin daga harajin da zai biya. Wannan na ƙarshen shi ne tsarin da Buhari ya sa wa hannu a 2019, a ƙarƙashinsa Dangote ya yi titin Apapa zuwa Oworonshoki a Legas. To shi ma ai kuɗinmu ne, kawai dai ba su biya ta baitulmali ba.

In tolget ne, je ka duba abin da ya faru a Lekki. A 2006 gwamnatin Legas ta ba kamfanin LCC titin Lekki zuwa Epe, kusan kilomita 50, na shekara 30. Da aka fara karɓar kuɗi a Disambar 2011 sai mutane suka fito zanga-zanga, suna cewa ya za a caje su alhali aikin bai ƙare ba kuma babu wata hanyar kirki ta kyauta da mai ƙaramin ƙarfi zai bi, a 2013 dai gwamnatin ta koma ta saye yarjejeniyar. Don haka ka tambaya tun da wuri, akwai hanyar kyauta? Wa ke da ikon ƙara kuɗin tolget, kuma da wane lissafi? Direban tasi da mai tifa ba za su ɗauki asarar ba fa, kanka za su ɗora ta.

Sai wajen da ake ɓoye wuƙa: in motocin da aka yi hasashe ba su zo ba, wa zai cike giɓin? In gwamnati ta yi lamuni, wannan bashi ne da aka sauya wa suna. Haka in da dala kamfanin ya ci bashi alhali da naira yake karɓa: in naira ta faɗi, wa zai cike giɓin?

Ka nemi ganin diyyar masu shaguna da gidajen da za a rushe, da wanda zai riƙa yashe kwata da cike ramuka, da halin da za a miƙa titin in wa'adi ya cika.

Takardun kuma kana iya nema a rubuce. In titin tarayya ne, hukumar ICRC mai kula da irin waɗannan yarjejeniyoyi ce ke sa ido, dokarta tun 2005, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 na bayanka. Na jiha, ku haɗu da ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwar layin ku rubuta wa ma'aikatar ayyuka, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.