Yadda za ka mayar da wasan sanɗa ya zama littafin labari

Ƙannena da ke buga gem a Agege sukan tambaye ni ta ina za su fara idan suna son rubuta labari daga wasan sanɗa, wato gem ɗin da jarumi ke lallaɓawa ya wuce masu gadi ba tare da an gan shi ba, irin Metal Gear Solid, wanda Hideo Kojima ya tsara, kamfanin Konami ya fitar a 1998. Abin da nake faɗa musu shi ne: buga wasan har ƙarshe, sannan ka kashe talabijin ka rubuta abin da ya zauna maka a rai. Waye jarumin, me ya shiga nema, me zai rasa idan aka gan shi. Sauran duk ado ne.

Daga nan sai ka zubar da maimaici. A wasa idan masu gadi suka harbe ka, komawa baya za ka yi ka sake gwadawa. A takarda rai ɗaya ne. Ɗakuna goma da ka ratsa iri ɗaya, ɗauki biyu ka ƙyale sauran.

Mai buga wasa yana da taswira a kusurwar allo da ke nuna inda idon kowane soja ya kai, ga alamar motsin rai da ke fitowa saman kan wanda ya hango shi. Wani wasan sanɗar, Splinter Cell na 2002, har ma'aunin haske yake da shi, mai nuna ko jarumin yana ɓoye cikin duhu. Mai karatu ba shi da ko ɗaya. Dole ka mayar da su kunne da hanci da fata: warin taba da ya riga mai ita isowa, gwiwa da ta ƙage saboda tsuguno, atishawa da ake danne ta da ƙyar.

Inda nake so ka fi ba wa ƙarfi shi ne mai gadi. A wasa, shi cikas ne kawai mai kai da kawowa a kan layi ɗaya. Mu kuwa a Legas mun san shi, domin 'yan uwanmu da yawa wannan sana'a ce ta riƙe su a Ikoyi da Lekki da Apapa. Je ka zauna da wani baba mai gadi bayan sallar isha'i, ka gaishe shi da ladabi, ka lura. Tabarma da buta a gefe, tocila a cinya, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa, hayaƙin maganin sauro yana tashi. Janareta na ruri har ba ka jin takun kowa, amma da zarar an dawo da wuta aka kashe shi, ko ƙarar silifas sai ta fito fili. Wannan ɗan tsakanin kaɗai ya ishe ka babi guda. Ba mai gadin labarinka suna, ka ba shi iyali a gida da ke jiran aike ƙarshen wata. Mai karatu zai riƙa addu'a jarumin ya wuce ba tare da ya taɓa shi ba, kuma a ganina nan ne zuciyar irin wannan labari take.

Doguwar hirar da ake yi da jarumi ta na'urar kunne a cikin wasan, rage ta. Wanda ke ɓoye a bayan kwantena ba ya dogon bayani. Jimloli su gajarta lokacin jira, su sake jiki bayan an tsira.

Sai batun haƙƙin mallaka. Littafin Metal Gear Solid da Raymond Benson ya rubuta a 2008 da izinin masu wasan aka yi shi. Idan kana da niyyar sayar da naka a WhatsApp ko ka buga shi, kada ka taɓa sunayensu da labarinsu. Ɗauki dabarar sanɗar kawai, ka ƙirƙiri jaruminka, ka sa shi tsakanin kwantenonin tashar jiragen ruwa da ƙarfe biyu na dare.