Yadda ake saita iyakar tafiya a injin CNC mai GRBL, da gano inda matsala take

Ƙaramin injin sassaƙa mai GRBL 1.1, wato manhajar da ke sarrafa motocinsa, a kan allon Arduino Uno bai san inda kansa yake ba. Taku kawai yake ƙirgawa. Idan aka ɗauke wuta, ko kan ya ci karo da wani abu, ƙirgar ta tashi a banza. Shi ya sa iyaka take iri biyu: ta makunni, wadda ke kashe motsi nan take in an danna ta, da ta lissafi, wadda ke duba lambobin aiki ta ƙi duk umarnin da zai fita daga fili. Ta lissafin ba ta da wani amfani sai injin ya fara komawa gida, wato ya je ya taɓa makunnansa, ya san mafarinsa. Don haka a bi su daki-daki: makunni, komawa gida, sannan lambobi.

Makunnai tukuna

A GRBL 1.1 ƙafar D9 ta X ce, D10 ta Y, D12 ta Z. A nan mutane da yawa ke ɓata yini guda: tsohon allon CNC Shield V3 an buga shi ne lokacin da Z take kan D11, alhali yanzu D11 ita ke sarrafa gudun kan yanka. In allonka irin wannan ne, jona makunnin Z a wurin da aka rubuta SpnEn, ka ƙyale wanda aka rubuta Z+.

Makunni yana da ƙafa uku: COM ta haɗin gwiwa, NO da ke buɗe sai an danna, da NC da ke rufe sai an danna. In ka ɗauki NO, bar $5=0 (lambobi masu alamar $ saitunan GRBL ne, ita $5 ke juya karatun makunnai), kuma makunnai biyu na aksis ɗaya a jona su kafaɗa da kafaɗa. In NC ka ɗauka, sa $5=1, a jona su a jere, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kashe allon ka sake kunnawa. NC ya fi, nesa ba kusa ba. Ranar da waya ta tsinke cikin sarƙar wayoyi, injin zai tsaya ya yi ƙorafi, shi kuwa NO shiru zai yi har sai kan ya daki bango.

Gwada kowanne da yatsa kafin komai ya motsa. Bar $21=0, wato iyakar makunni a kashe, danna makunnin X, ka aika alamar ? ka duba amsa. Ya kamata ka ga Pn:X. In ka ga Pn:XYZ ba tare da ka taɓa komai ba, $5 ɗinka a juye take.

Komawa gida

Auna teburin da awo, ka zuba ƙiyasi a $130, $131 da $132, wato tsawon X, Y da Z a milimita. Kada ka tsallake wannan. GRBL na neman makunni ne iya ninki ɗaya da rabi na wannan lamba, kuma 200 yake zuwa da ita. Injin mai tsawon 1200 zai yi tafiyar 300 ya haƙura, ya ba ka ALARM:9, makunnin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Sa $22=1 don kunna komawa gida, ka ɗora hannu kan maɓallin tsayawar gaggawa, ka aika $H, umarnin komawa gida. Z ce ke fara hawa sama, sannan X da Y su tafi tare. In wata ta juya wa makunninta baya, gyara $23: X 1 ce, Y 2, Z 4, ana haɗa su. $23=3 na kai X da Y kusurwar hagu ta gaba. Gudun nema, $25, yana zuwa a 500, na lallaɓawa karo na biyu, $24, a 25. Ana iya ƙara na farkon a babban inji, amma na biyun a bar shi a hankali, don shi ke sa gida ya faɗo wuri ɗaya kullum.

Ja da baya bayan taɓa makunni, $27, milimita 1 ce daga farko. Ga makunni mai dogon harshe ta yi kaɗan, harshen ba ya saki, sai ALARM:8 ta fito. Mayar da ita 2 ko 3.

Lambobin gaskiya

Filin injin a GRBL duk ƙasa da sifili yake, daga 0 zuwa –$130. Bayan $H za ka ga MPos, wato matsayin inji, kamar –2.000. Tura X a hankali zuwa ɗaya ƙarshen, ka tsaya saura milimita 2 ko 3 ta kai ƙarfe. In allon ya nuna –597, rubuta $130=597, ba tare da alamar ragi ba. Mai $23=3 ya lissafa nisan da ya yi, ya ƙara $27 a kai. Haka Y, haka Z. Sai yanzu za a kunna iyakar lissafi, $20=1. In ya amsa da error:10, $22 ce ba a kunna ba.

Duk wannan awon ƙarya ne in taku a kowace milimita ba daidai ba ne. Moto mai taku 200, an raba kowane taku 16, bel GT2 da fuli mai haƙora 20: 3200 a raba da 40, $100=80. Sandar zare T8 mai tafiyar milimita 8 a juyi ɗaya tana son 400. Ba da umarnin tafiyar 100, ka auna da rula.

Idan ta yi ƙara

Karanta lambar kafin ka aika $X, umarnin da ke cire kullen ƙarar. ALARM:2 ta lissafi ce, injin bai rasa matsayinsa ba. Yawanci sifilin aiki na G54 aka kafa kusa da gefe, zanen ya zarce teburi. Ko tsayin ɗaga kai ya yi yawa: baki dogo, katako mai kauri, Z ba ta da sauran milimita 15 da fayil ke nema a sama. Ko kuma lambobin fayil ɗin na milimita ne, G21, injin ya karanta su a matsayin inci, G20. Aika $# ka ga inda sifilin yake. Lura, GRBL na karanta layuka goma sha wani abu a gaba, don haka layin da ya jawo ƙarar yana gaba da inda bakin ya tsaya.

ALARM:1 ta makunni ce, bayan an kunna $21=1, kuma a nan matsayi ya ɓace, dole a sake $H. In a farkon fayil ta zo, nemi G28 ko G53 Z0. Sifilin inji daidai kan makunni yake a duk aksis da ba a juya da $23 ba, G28 da ba a saita ba kuma can take kai ka. Tura kan zuwa wuri mai aminci, ka aika G28.1 ya ajiye.

Mai ban haushin ita ce ALARM:1 a tsakiyar teburi, ba abin da ya taɓa makunni, musamman da an kunna kan yanka. Hayaniyar lantarki ce. Rezistan cikin Arduino rarrauna ne, doguwar waya kuma eriya ce. Sa rezista 4.7k daga kowace ƙafar iyaka zuwa 5V, da kafasita 100nF daga ƙafar zuwa GND, dab da allon. Yi amfani da waya mai sulke, a ɗaure sulken da ƙasa ta gefen allon kaɗai, kuma a raba hanyarta da wayar kan yanka da ta motoci. Shagon da ke aiki da janareta ya tabbata jikin injin na da wayar ƙasa ta gaske. In duk an yi haka ba ta daina ba, sai a sa oftokofla tsakanin makunnai da allon.

Wasu kashe $21 suke yi su huta. Injin zai yi aiki, amma ranar da bel ya zame ko moto ya rasa taku, lissafi zai ce akwai sauran fili alhali kan yana bakin ƙarfe. In kuma gida na canzawa da rabin milimita daga yau zuwa gobe, busa garin katakon da ya cika ƙarƙashin harshen makunnin, ka ɗaure ƙusoshinsa biyu, sannan ka duba ƙaramar ƙusar da ke riƙe fuli a kan sandar moto.