Nema wa ɗan wifet sabon gida bayan faɗan karnuka: kurakuran da aka fi yi

Ɗan kwikwiyonmu, wifet, yana da wata biyar ranar da tsohuwar karyar gidan ta yage masa kafaɗa. A kicin abin ya faru, a gidanmu da ke Yokshaya a arewacin Ingila, kan wani guntun ƙashi da ya gangara ƙarƙashin tebur. Kafin in ajiye kofin shayin da ke hannuna an gama. Ɗinki bakwai aka yi masa. Bayan sati shida muka miƙa shi ga wasu mutane, kuma har gobe ina ganin daidai muka yi. Nadamata tana kan hanyar da muka bi kafin mu kai can, domin kusan duk kuskuren da zan ambata mun taɓa shi.

Wifet kare ne siriri, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji da shafaffen ciki. Wanda ya san karnukan farautar Buzaye na yankin Azawak ya ga kamanninsa, sai dai wifet ƙarami ne, da wuya ya wuce kilo 18. Masu haƙar kwal na arewacin Ingila ne suka raine shi a ƙarni na 19 don tsere da kamun zomo, har ake masa laƙabi da dokin sukuwar talaka. Yakan yi gudun kilomita 55 a awa. Amma fatarsa kamar takarda take, gashinsa gajere, ba kitsen da zai tare haƙori. Cizon da a jikin kare mai gashi ƙwarzane ne kawai, a jikin wifet ɗinki ne. Shi ya sa ba a yi wa faɗansa haƙurin da ake yi wa na wasu karnuka.

Kuskuren farko shi ne shawarar da kowa ke bayarwa kyauta: “Ku bar su, za su sasanta kansu, su san waye babba.” Wannan tunani ya samo asali ne daga kallon kyarkecin da aka tara a gidan namun daji, waɗanda ba dangin juna ba. Masani David Mech, wanda ya taimaka wajen yaɗa shi, shi da kansa ya fito a 1999 ya nuna cewa garken kyarkeci a dawa iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya. Tsakanin karnukan gida kuwa, kowane faɗa koyon faɗa ne. Gyaran shi ne a raba su tun karon farko: ƙofar shingen yara tsakanin ɗaki da ɗaki, kowa da kwanonsa a bayan rufaffiyar ƙofa, ƙashi da kayan wasa a kwashe su gaba ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin ni na yi shi da bakina. Duk lokacin da tsohuwar ta yi wa kwikwiyon gurnani sai in daka mata tsawa. A ganina ita ce babba, ita ya kamata ta yi haƙuri. Ashe gurnani magana ce. Cewa take yi, “Matsa daga kaina.” Na yi ta tsawatar mata har ta daina gurnanin, na ɗauka tarbiyya ta kama, alhali ƙararrawar kawai na cire. Ranar da ta cije shi ba ta yi ko tari ba.

Kuma tun kafin gurnanin ta yi ta faɗa mana ta wasu hanyoyin. Wurinta na shekara tara shi ne tabarmar da ke gefen hita. Da kwikwiyon ya zo sai ta bar masa, ta koma kwana a kan matakalar bene, inda sanyi yake shigowa. In ya tunkaro ta da tsallensa sai ta sandare, ta kau da kai tana kallonsa ta wutsiyar ido, farin idon a waje, tana lasar leɓe, tana hamma ba barci ba. Duk wanda ya ga waɗannan alamu, ya janye kwikwiyon, tsohuwar kuma ya ba ta wurin da ƙaramin ba ya isa. Duka da tsawa da abin wuya mai jan lantarki, wanda Wales ta haramta tun 2010, tsoro suke ƙarawa, kuma yawancin cizo daga tsoro yake fitowa.

Sai rashin kai babban karen asibiti. Kowa wanda aka ciza yake ɗauka ya ruga da shi. Likitar dabbobin da ta ɗinke kwikwiyon ce ta ce mini, “Gobe ka kawo mini ɗayar.” Likitar tana danna ƙugun tsohuwar, sai tsohuwar ta yi ƙara. Ciwon gaɓoɓi ne ya daɗe yana cin ta, ga ɗan wifet mai faɗo mata a baya da gudu sau ashirin a yini. Kare mai sanyin hali da ya sauya farat ɗaya, a fara zargin ciwo: haƙori, kunne, gaɓoɓi, ko ido da ya fara dishi-dishi. Shi ma wanda aka ciza, kada ƙanƙantar hudar ta ruɗe ka, domin haƙorin kare yana yaga naman da ke ƙarƙashi ya bar ɗan rami a sama. In kuma faɗa ya kaure, kada ka sa hannu wajen wuyansu. Watsa ruwa, ko ka cusa katako ko kujera tsakaninsu.

Daga nan sai jan ƙafa. Mutane suna jin kunyar a ce sun kasa, yara kuma suna kuka. 'Yata ta riƙe rigata tana cewa, “Baba, don Allah kar ka bayar da shi, ni zan riƙa tsaronsu.” Maganarta ce ma ta farkar da ni: yarinya 'yar shekara takwas tsakanin karnuka biyu masu faɗa. Ba kowane saɓani ne ke kai wa ga rabuwa ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma gidaje da dama sun gyaru da taimakon ƙwararren mai nazarin halayyar karnuka wanda likita ya tura su wurinsa. Amma in cizo ya kai ga ɗinki, in faɗan yana ƙara yawa da muni, in ɗaya ya daina ci ko yana ɓuya, in akwai ƙananan yara da ba za a iya dogara da su wajen rufe ƙofa ba, to lokaci ya yi. Faɗan karya da karya ya fi wuyar gyaruwa, a san da wannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kwikwiyo abin da ya gani a watanninsa na farko da shi yake girma. Namu, cikin satin nan shida, ya fara rawar jiki yana haushi in ya hango kare a titi, abin da da bai taɓa yi ba. Jinkirinmu ne ya koya masa.

Wasu kuma garaje suke yi. Daren faɗan su ɗauki hoto su sa a intanet, “kyauta ga mai so”, kafin azahar wani ya zo da mota ya tafi da shi. Ba ka san ko sayarwa zai yi ba, ko ɗaure shi zai yi don ya riƙa haihuwa. Kira na farko na mai kiwon da ka saya a wurinsa ne. Da yawa suna rubuta a takardar ciniki cewa in zama ya ƙi a dawo musu da karensu, kuma sukan san masu jiran irin. In bai karɓa ba, akwai manyan ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi irin su Dogs Trust da Blue Cross da RSPCA, da ƙananan ƙungiyoyi masu kula da wifet da danginsa kaɗai. Sau da yawa akwai layi, don haka a kira da wuri, a ci gaba da raba karnukan kafin nan.

Kuskuren da ba na yi wa kowa uzuri a kansa shi ne ɓoye gaskiya. Sai ka ji an ce “ba mu da lokaci” ko “za mu tashi daga gidan”, don kada a guje shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda bai san an taɓa cizon kwikwiyon ba zai sake shi cikin karnuka a filin shaƙatawa tun satin farko, ya firgita, ya kai cizo ko ya ruga titi, a dawo da shi da sunan mugun kare. Gida na uku ya fi na biyu wuyar samu. Mu takarda guda muka rubuta: ranar kowane faɗa, a kan me, wa ya fara, abin da likita ta yi, da cewa yanzu yana tsoron manyan karnuka kuma ba ya son a matso shi yana cin abinci. Mutum biyu sun karanta sun janye. Na ukun, wasu miji da mata da suka yi ritaya, suka ce da ma tambayoyin da suka zo da su ke nan.

Shi ma gidan da za a kai shi, kirki kaɗai bai isa ba. Je ka gani da idonka. Katangar lambun ta kusa mita biyu, domin wifet yana tsalle. A tambaya ko suna da mage ko zomon gida, don duk abin da ya gifta da gudu binsa yake, kuma in ya ɗauki gudu kunnensa toshewa yake. Su san cewa kansa ya fi wuyansa siranta, abin wuya na yau da kullum zamewa yake, sai mai faɗi mai tsukewa kaɗan. Yana buƙatar riga da hunturu da shimfiɗa mai laushi, kuma ba ya jure yini shi kaɗai.

Takardu kuma ana mantawa da su. Tun Afrilun 2016 doka ta wajabta a Ingila da Sikotilan da Wales cewa kowane kare ya kasance da 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ya wuce sati 8, kuma bayanan mai shi su zama na yanzu, in ba haka ba tara tana iya kai fam 500. A sauya sunan ranar miƙawa. A haɗa da katin rigakafi, ranar maganin tsutsar ciki da na ƙuma, abincin da ya saba da shi na sati biyu don kada cikinsa ya ɓaci, da bargonsa ba a wanke ba. A rubuta, kowa ya sa hannu, cewa in abin bai yiwu ba wurinka za a dawo da shi.

Bayan nan kada a yi ta zarya da sunan ziyara, rikita shi ake yi. Mu hoto muka roƙa a riƙa turo wa yara, muka bar shi wata uku kafin mu je. Tsohuwar kuwa an ɗora ta kan maganin gaɓoɓi. Kwana biyu tana shinshina ƙofar kicin kafin ta shiga, a rana ta uku na sauko da asuba na tarar da ita a kan tabarmarta gefen hita, ta miƙe ƙafafu tana barci.